Cokalin da Muka Miƙa wa Malam Zayyanu

Jawabin da Alhaji Sulaimanu Maraɗi ya yi a taron addu'ar arba'in ta Malam Zayyanu Ƙonni, a masallacinmu na Mount Hope da ke Bronx. An rubuta shi daga muryar da aka ɗauka, da izinin iyalan mamacin.

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa.

Malam Liman, Allah ya ƙara lafiya. Mai girma wakilin ofishin jakadancinmu, wanda ya baro Manhattan ya hawo mana har nan, mun ga zuwanka. Alhaji Sadick, sarkin Zangonmu, da sauran dattawan ƙungiya. Iyayenmu mata da ke bayan labule. Hajiya Habsatu, uwar marayu. Isma'ilu da Yusra. Mutanen Nijar, na Najeriya da na Gana, da maƙwabtanmu waɗanda ba sa jin harshenmu amma suka cire takalma suka zauna saboda mutumin nan. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Dattawa sun ce ni zan yi magana, wai don na fi kowa daɗewa da marigayi. Gaskiya ne. Ɗaki ɗaya muka kwana a titi na 116 a shekarar da muka zo, mu shida, katifa uku. Amma ba don haka na karɓa ba. Ranar da muka binne shi, muna fitowa daga maƙabarta, ɗansa Isma'ilu ya tare ni ya gaya mini zai zo addu'ar arba'in saboda mahaifiyarsa, daga nan kuma ƙafarsa ba za ta sake taka masallacin nan ba. Yau ce arba'in. Ga shi can zaune kusa da ƙofa. A ɗakin nan aka raɗa masa suna, shekara ashirin da takwas ke nan, ni na raba goron. Da yawanku kun san dalilinsa, kuna yi kamar ba ku sani ba. To ni na gaji da yi kamar ban sani ba. Wanda ya zo jin yabo zai ji, don mamacin ya cancanta. Amma zai ji da wani abu.

Ya kasance mai gyaran bututun ƙazanta. Na faɗa da Hausa tsantsa don kada wani ya gyara mini. A sanarwar rasuwar da muka tura gida mun rubuta injiniyan ruwa. Ni na kawo shawarar, aka ce madalla. Shi bai taɓa kiran kansa haka ba. In ka tambaye shi sana'arsa, cewa yake hanyar bayan gida yake gyarawa, ya dube ka ido cikin ido.

Gidajen nan da muke haya an gina su tun kakanninmu ba su san akwai Amurka ba. Cikin bangon kowanne akwai bututun baƙin ƙarfe, irin na zubi, kaurinsa ya kai cinyar ƙato, ya taso daga ƙasa har rufi. Duk abin da ya fita daga ban-ɗaki da kicin na bene shida, ta nan yake bi. Ƙarfen nan daga ciki tsatsa take cinsa. Ka gan shi a waje da fentinsa lafiya lau, alhali cikinsa ya zama kamar ɓawon ƙwai. Zayyanu ya koyi aikin a hannun wani tsohon Bature ɗan asalin Italiya, shekara tara yana ɗaukar masa kaya kafin ya yarda ya bar shi ya yanke bututu shi kaɗai.

Ya kasance mai kunne. Ƙaramar guduma yake ɗauka ya bi bututu yana ƙwanƙwasawa. Inda ƙarfe ke da rai, ƙara yake yi kamar ƙararrawa. Inda ya mutu, sai ka ji kamar an bugi tulun da ya tsage. Nan zai sa alli ya zana. Ba ya yankewa sai ya fara ɗaure na sama da maƙalin ƙarfe ya tokare shi, don ya ce abin da ke bisa kanka ya fi mota nauyi, in ka cire masa ƙafa ba ka ba shi sanda ba, kai zai zauna wa. Sannan ya naɗa wata sarƙa mai ƙananan haƙora, ya matsa, ya matsa, har ƙarfen ya ɓalle tas kamar rake. A tsofaffin mahaɗai igiya ce aka cusa aka zuba narkakkiyar dalma a kai, tun zamanin da. Ya san yadda ake kwance su, ya san yadda ake zubawa. Mutanen da suka iya wannan a garin nan sun kusa ƙarewa. Na tsaya ina kallonsa sau da yawa, daga nesa dai.

Ya kasance mai faɗa, wannan ma sai an faɗa. Ba zan mai da shi mala'ika ba don ya mutu. Yakan shiga gidanka, kafin a gama gaisuwa ya durƙusa ya buɗe ƙarƙashin sinki. Ya yi wa matanmu tsawa a kicin ɗinsu, wasu sun yi kuka. Yana da taurin kai, likita ya ce ya riƙa rufe hanci a wurin aiki, ya ce abin yana hana shi jin wari, kuma da hanci yake gane inda ɓarna take. Faɗansa duk a kan abu ɗaya ne, mai. Kullum maganarsa, a Ƙonni in mace ta zubar da mai ƙasa ce ke shanyewa, nan kuwa ƙarfe ne, ƙarfe ba ya sha. Yana tara gwangwanayen tumatir ya bi gida gida yana rabawa, a zuba mai a ciki, in ya daskare a jefa a shara. Hajiya Hamdatu mai dafa mana abincin taro ita ta sa masa Malam Gwangwani. Ta ce masa tun daga unguwarsu Nima can Gana take suya ba a taɓa koya mata zubar da mai ba sai da ta zo Bronx. Ya ce mata a Nima kwata a buɗe take, kowa na ganin aikinta, nan kuwa shi kaɗai ke gani. Suka yi shekara ashirin suna wannan, kuma in ta yi wake da shinkafa nasa take fara ɗiba.

Yanzu ga abin da ya kawo ni.

Shekara goma sha takwas da suka wuce, Babbar Sallah ta faɗo cikin tsakiyar sanyi. A benen nan da ke bisa kanmu, gida goma sha ɗaya namu ne. Muka je gona can Pennsylvania muka yanka raguna, muka cika motoci muka dawo. Kun san yadda muke yi. A bahon wanka aka wanke hanji da tumbi. Aka yi suya kwana da yini. Man da ya saura da kitsen da ya narke aka tuntsura a sinki, aka bi da ruwan zafi, wai ruwan zafi zai raka shi har teku. A bene na shida da zafinsa yake. Kafin ya sauko nan ƙasa ya haɗu da ƙarfe mai sanyi, ya daskare kamar sabulu. Washegarin Sallah, bayan Azahar, bututun da ya ratsa silin ɗin nan ya tsage a tsaye, daga wancan ginshiƙi zuwa inda Malam Liman yake zaune. Ba sai na faɗi abin da ya zubo kan darduma ba.

Mai kula da gidan bai ɗauki waya ba, makon hutunsu ne. Muka tsaya cirko-cirko a kan matakala, kowa ya tattare babbar rigarsa, ya toshe hanci, ana ta Innalillahi. Zayyanu ya zo cikin sabuwar shadda fara, wadda Hajiya Habsatu ta sa aka ɗinko masa daga gida. Ya cire rigar ya miƙa wa na kusa da shi. Abin da ya fara yi, ya shiga ya kwaso Alƙur'anan da ke kan kanta, bibbiyu, ya ɗaga su sama da kansa. Sannan ya hau bene ƙofa ƙofa yana roƙo kada kowa ya kora ruwa sai ya ce. Ya sauko ya hau tsani, ya buɗe bututun, fuskarsa na ƙarƙashinsa. Sai wani gida a bene na huɗu ya kora. Gidana ne a bene na huɗu. Baƙi ne da ni, na manta ban gaya musu ba.

Awa huɗu ya yi. Ya yanke ruɓaɓɓen, ya sa sabo, ya ɗaure, ya sa aka saki ruwa ya tsaya yana kallo har ya gamsu. Ya tafi gida ya yi wanka, ya sake kaya, ya sa turare. Ya same mu a falon Alhaji Sadick, mu goma sha ɗaya, mun kewaye babban tire na shinkafa da naman Sallah. Ya yi sallama. Ya wanke hannu a kwanon da kowa ya wanke. Ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla. Kafin hannunsa ya kai, na miƙe, na ɗauko faranti na cika shi da tsoka mafi kyau, na soka cokali a kai, na ce:

"Malam, yau kai ne babban baƙo. Ga naka na musamman."

Ya dubi farantin. Ya dube ni. Ya ce, "Na gode, Alhaji." Ya ja gefe ya ci.

Da mutum ɗaya ya ce haba Sulaimanu, da an yi dariya an wuce wurin. Amma kowa ya sunkuyar da kai ya ci gaba da cin shinkafa, don kowa na so a yi, ni dai na riga. Daga ranar ya zama al'ada. Suna, ɗaurin aure, buɗa-baki, sadakar mamaci, in an ajiye tire sai wani ya tashi neman faranti da cokali na Malam Zayyanu. Muka sa wa abin suna girmamawa. Bayan wasu shekaru ya fara zuwa da nasa cokalin a aljihun gaba, kusa da fensirin aikinsa. Na daɗe ina zaton fushi ne. Daga baya na gane yana rage mana wahalar nema ne, da kunyar 'yan daƙiƙun nan da ake yi ana kallon juna.

Kada wani ya ce jahilci ne. Malam Liman ya karantar da mu a nan, ba sau ɗaya ba, cewa ruwa yana tsarkakewa, hannun da aka wanke ya wanku. Muka gyaɗa kai. Mun yarda ya tsaya kusa da mu a gaban Allah, ba mu yarda ya sa hannu a shinkafarmu ba. Wanne ya fi girma a wurinmu ke nan?

Kuma mu su wa? Ni shekara talatin ina tsaye a Fordham Road ina sayar da huluna da jakunkuna, kuɗin da na karɓa da hannun nan Allah kaɗai ya san inda suka kwana. Kafin nan kwanuka na wanke a bayan wani gidan abinci, in dawo in ce wa na gida ina harkar otal. A cikinmu akwai masu wanke tsofaffin Turawa su sauya musu ƙunzugu, aiki ne na lada, amma ko matansu ba su gaya wa ba. Muna tsayawa jikin motar wani mu ɗauki hoto mu tura gida. Ƙasar nan ta durƙusar da kowannenmu a wani wuri, kowa ya ɓoye gwiwarsa. Mutum ɗaya ne bai ɓoye ba, shi muka ware. Na yi tunani a kai cikin kwana arba'in ɗin nan, kuma ina jin ba hannunsa muke ƙyama ba. Abin da ya fito daga gidajenmu ne ya gani, mu kuma muka kasa haɗa ido da wanda ya gani.

Ya kasance mai rufin asiri. Mai gyaran bututu yana ganin abin da liman ba ya gani. Ya san abin da ake ɓoyewa a ƙarƙashin sinki, ya san abin da ake jefawa a masai don kada miji ko uba ya gani. Babu gidanmu da bai shiga ba. Wa ya taɓa jin maganar gidansa a bakin wani, aka ce daga Zayyanu ta fito? Ku faɗa yanzu. Babu.

Ya kasance in an kira shi yana zuwa. Ranar da muka ba shi cokali, mako bai cika ba na kira shi ban-ɗakina ya toshe, ya zo. Bai ɓata fuska ba, ban da faɗan mai da ya saba.

Da ciwon ƙirjin ya kwantar da shi na je asibiti sau uku. Na ukun da niyyar neman gafararsa na tafi, na shirya maganar tun a jirgin ƙasa. Na zauna, na gaishe shi, bakina ya yi nauyi. Shi ya cece ni. Ya tambaye ni ko silin ɗin ban-ɗakina ya daina jiƙewa. Ya ce akwai wata gwiwar bututu tsakanin bene na uku da na huɗu, ba za ta kai sanyi biyu ba, in ta fara ɗiga kada in jira mai gida, in kira Isma'ilu, don yaron ya fi shi hannu yanzu. Na ce to. Na yi masa addu'a na tashi, na ce gobe ma rana ce. Ranar Talata ya cika.

Kun ji ya ce in kira Isma'ilu. Isma'ilu ya gaji sana'ar ubansa, ya yi karatunta, yana da takardunsa. Bara a sunan jikana, ɗana na cikina ya tashi ya kawo masa faranti da cokali. Ba wanda ya aike shi. Gani ya yi ana yi tun yana ƙarami, ya ɗauka ladabi ne. Isma'ilu ya ajiye farantin a ƙasa ya fita. Muka ce yaran Amurka ba su da kunya.

Malam Liman ya sa ni da Isma'ilu muka yi wa marigayi wanka, Isma'ilu yana zuba ruwa ni ina wankewa. Malamai sun ce mai wanka ya ɓoye aibin da ya gani, in alheri ne ya faɗa. Alheri na gani. Na ɗaga hannunsa na dama. Tabon ƙunar dalma ne a bayansa har wuyan hannu, yatsa biyu sun karkace, tafin ya yi kauri kamar fatar takalmi. Farcen a yanke, fes. Na duba nawa, nasa ya fi tsabta. Ina riƙe da shi na kasa ci gaba. Isma'ilu, wanda kullum in na yi masa Hausa da Turanci yake amsa mini, ran nan da Hausa ya yi magana. Ya ce:

"A hankali, Baba. Hannun da bai isa shiga tirenku ba ne."

Bai ɗaga murya ba. Ya ci gaba da zuba ruwa.

Hajiya Habsatu, ke kika wanke kayan aikin nan shekara da shekaru. Ke kika dafa rabin abincin da muka hana mijinki sa wa hannu, kina bayan labule kina ji ana neman cokali. Duk da haka ba ki taɓa ce mana ba ya nan ba in mun kira. Ban san da wane baki zan ba ki haƙuri ba. Yusra, mahaifinki ba injiniya ba ne, kuma ba ya bukatar zama. Za a sake tura sanarwa gida da sunan aikinsa na gaskiya, da wannan jawabi a haɗe, har da sunana a ciki.

Jama'a, tun muna makarantar allo aka gaya mana Allah yana yafe abin da ke tsakaninsa da bawa, amma hakkin mutum sai mai shi ya yafe. Mai shi yana kwance a maƙabarta a New Jersey. Na samu dama uku na bari ta wuce. Wannan kaya nawa ne, da shi zan tashi, babu jawabin da zai sauke mini. Isma'ilu, ba zan ce ka yafe a madadinsa ba, ba naka ba ne. Ba zan ce ka zauna don zumunci ba, mu muka fara yanke shi. In ka tafi ka tafi da gaskiyarka, duk wanda ya zage ka a bayan ido ya same ni. Abu ɗaya nake so, kada ka fita ƙofar nan kana zaton har yau muna kiran abin girmamawa.

Mu goma sha ɗaya ne a falon nan ranar. Biyu sun riga mu gidan gaskiya, ɗaya ya koma Damagaram. Saura takwas har da ni, kuma duk muna cikin ɗakin nan. Ban shawarci kowa ba, ba kuma zan kira suna ba. Ni ga ni a tsaye. Wanda ya san ya ci a tiren nan ya yi shiru, ya tashi ya tsaya, iyalan Zayyanu su gan shi.

Zan jira. Mun sa shi jira shekara goma sha takwas.

Biyu. Huɗu. Alhaji Sadick, ƙafarka ba ta da lafiya, ɗaga hannu ya isa. To, ya ƙi, ku kama shi. Shida. Bakwai. Mun cika takwas. Ga wasu ma suna tashi waɗanda ba sa wurin ranar. Ku tsaya, kun san abin da kuka sani.

Isma'ilu, ga mu. Dattawan da ka taso kana durƙusa wa ke nan. Mun yi wa mahaifinka wulaƙanci, muna sane, kuma mun fara yi maka. Ba mu da hujja.

Na baya ba ku ji ba. Isma'ilu ne ya yi magana. Cewa ya yi, "Baba, ku zauna, ƙafafunku."

To mu zauna, tunda ya ce. Bai ce zai dawo ba, ni ma ba zan tambaye shi a gaban mutane ba. Amma bai tashi ba, kuma har yanzu Baba ya kira ni. Wannan ya fi abin da na zo da tsammani.

Ina gode wa Malam Liman da ya bar ni na faɗi abin da ba a saba faɗa a irin wannan taro ba. Ina gode wa baƙonmu na ofishin jakadanci, ka yi haƙuri, ka zo ta'aziyya ka tarar da wankin cikin gida. Ina gode wa Hajiya Hamdatu da matan da suka tsaya kan girki tun safe, da matasan da suka shimfiɗa darduma, da duk wanda ya rufe shago ko ya ajiye mota ya zo. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Ya Allah, ga bawanka Zayyanu ɗan Ƙonni, ya mutu nesa da ƙasarsa. Ka jiƙansa, ka yafe masa zafin bakinsa da duk abin da ka sani ba mu sani ba. Ka wanke shi kamar yadda ake wanke farin tufa, shi da ya ƙare ƙarfinsa yana kawar da ƙazanta daga ɗakinka da ɗakunan bayinka. Ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi. Ka ba Habsatu haƙuri, ka raya Isma'ilu da Yusra, ka sa albarka a hannuwansu, ko suna tare da mu ko ba sa tare da mu. Mu kuma da muka tsufa a garin mutane, ka sa mu cika da imani. Ranar da za ka tara mu da shi ka ce ya faɗi hakkinsa, ya Allah ka sanyaya zuciyarsa a kanmu, don ba mu da abin da za mu ce.

Malam Liman, a yi mana Fatiha.